Igiyar da Soazig Take Riƙewa

Da asuba Fañch Kerbrat yana bayan jirginsa mai tafiya da iska, yana kwance injin kwale-kwale daga jikin ƙarfen da ake rataye shi. Jirgin na ɗaure can tsakiyar ruwa a mashigin teku na Aber Wrac'h, ba a isa gaɓa sai da ƙaramin kwale-kwale.

Tsohon makaniki ne, ba shi da yawan magana. Tun suna da jini a jika yake yawon tsibirai da matarsa Soazig duk lokacin zafi. Sauke inji kuwa aikin mutum biyu ne: shi ya sauka cikin kwale-kwale ya ɗago shi, ita tana sama riƙe da igiyar da aka ɗaura wa injin, tana saki kaɗan-kaɗan.

"A hankali, sarkin ƙarfi," takan ce. "In ka jefar da shi, ka bi shi."

Cikin hunturu Soazig ta rasu. 'Yarsu Maiwenn ta ce a sayar da jirgin.

"Baba, kafaɗarka ta gama aiki. Wa zai riƙe maka igiya, kifi?"

"Ke dai zo ki tsaya a gaɓa. In na kasa, sayar."

A wannan asubar ta zo, ta tsaya tare da mu ma'aikatan tashar jiragen ruwa.

Ya ɗaura wa injin igiya, ya jefa bakinta inda Soazig take tsayawa, bai ɗaure ta a ko'ina ba. Bai taɓa ɗaurewa ba. Ya sauka, ya ɗago injin. Wani jirgin masunta ya wuce, ruwa ya girgiza kwale-kwalen.

"Riƙe!" in ji Fañch, ya saki hannu.

Igiyar ta zarce ta bi injin ƙarƙashin ruwa. Shi ko ruwan bai kalla ba. Sama yake kallo, inda Soazig take tsayawa.

Da hannu ya tuƙo zuwa gaɓa. Maiwenn ta shiga ruwa da takalmanta ta tarye shi.

"Haba Baba, inji ne fa kawai. Sai a sayi wani."

"Ba inji ba ne," ya ce, ya danƙa mata makullin jirgi.

Ganina da shi na ƙarshe, ya kife kwale-kwalen a kan siminti yana wanke masa gishiri da ruwan famfo, don kada mai saye ya same shi da datti.