Bijimin Kantin Alhaji Lauwali

Attahiru akawu ya fara haɗuwa da Na'iya ranar goma sha biyu ga Maris, 1978, da ya je neman wanda zai rubuta masa allon ƙofar ofis. Ya tarar da shi a wata rumfa bayan tashar motar Tambuwal, yana yankan kwali da reza.

Na'iya ba ya zane da hannu kamar sauran masu fenti. Siffofi yake yankewa: da'ira, murabba'i, mai kusurwa uku. In ƙaho yake so, sai ya ɗora ƙaramar da'ira kan babba ya yanke, abin da ya saura shi ne ƙahon. Tozo kuwa rabin da'ira ne. Ya jera su wannan kan wancan, ya bi da fenti. In aka ce a ƙara girma, sai ya buga ƙusa, ya ɗaura zare, ya buɗe kowace siffa daidai da 'yar'uwarta. Hoton da bai wuce faifai ba sai ya cika gefen babbar mota, ba inda ya karkace. Shekarun nan ƙasa ta yi arziki, kowa na buɗe kanti yana son allo, aiki bai yanke masa ba. Amma kullum shi kaɗai yake cin abinci.

Ɗan gidan malamai ne a Fakku, ƙasar Kebbe. Wansa Malam Dawuda, wanda ya gaji makarantar mahaifinsu, ya ce muddin yana sura abu mai rai, ba za su ƙara haɗa akushi ba. Abin ya daɗe yana cin Na'iya, har ya ji wasu malamai na cewa in kai ya rabu da jiki, sura ba ta cika ba. Daga nan kowace dabba ya yi, sai ya bar mata tsaga a wuya, faɗin yatsa.

Da aiki zai kai Attahiru Kebbe, Na'iya ya roƙe shi ya biya Fakku ya shaida wa wan nasa, Yaya Malam, zancen tsagar. Malam Dawuda ya saurara, ya ce, "In na shigo Tambuwal ranar kasuwa, sai in gani da idona."

Allon da zai fara cin karo da shi na Alhaji Lauwali ne, mai sayar da maganin dabbobi a bakin kasuwa. Na'iya ya yi masa jan bijimi, da tsagarsa a wuya, aka kafa. Ranar kasuwa Na'iya ya sayi sabuwar tabarma da fura da balangu, ya zauna jiran wansa.

Da safen nan Alhaji Lauwali ya tsaya ya ƙare wa allonsa kallo. "Wanga sa ai yankakke ne," in ji shi. "Wane Bafillace za shi sayen magani inda sa ya kai ga wuƙa?" Ya samo jan fenti, ya cike tsagar da kansa.

Attahiru yana wurin lokacin da Malam Dawuda ya sauko daga mota. Ya dubi bijimin, ya shiga kasuwa ya sayi takardar rubutu, ya koma motar Kebbe. Sai la'asar Attahiru ya iya zuwa rumfa ya faɗi abin da ya faru.

"Ko in koma in yi mai bayani?"

"Bari, Malam Akawu. Ya ce da idonai zai gani, ya kuma gani." Ya turo masa naman. "Ci, kada shi lalace."

Na'iya bai sake yin dabba ba, sai harufa da furanni, bai kuma sake aika saƙo Fakku ba. Malam Dawuda ya rasu a 1983. Na'iya ya je ta'aziyya, ya zauna cikin baƙi a ƙofar gida, washegari ya dawo. Shi ma ya rasu a Tambuwal da daminar 1991. Attahiru da direbobin tasha ne suka kai shi makwancinsa.