Ƙafar da Maccido Ya Kai Ɗori Aliero

Duk direban da ya taɓa yin faci a tashar Jega a shekarun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ya san Maccido. Shi ne baƙin nan mai ɗingishi da ke da rumfa gindin dogonyaro, da famfo, da bahon ruwan da ban taɓa ganin an sauya ba. Uwarsa yayar babana ce, saboda haka taubashina ne, bawana ne, komai furfurar da ta fara leƙo masa. Ni kuwa Atiku, tun da makaranta ta gaji da ni a aji uku, rumfarsa ta zama ofishina.

A Birnin Malam aka haife shi. Yana yaro kurkunu ya kama masa ƙafar hagu, ya tafi ya bar ta ba ta miƙewa. Noma ya ƙi karɓarsa, sai ya shigo Jega ya koyi faci, ya auri Naja'atu, ya zauna. Bai taɓa buga ƙwallo ba, ko na tsumma. Amma ƙungiyar ƙwallonmu ta unguwar Jega Firchin, mai suna Guguwa, ba ta da masoyi kamarsa. Shi ke yi wa ƙwallonta faci, shi ke ba ta iska, ya matsa ta da babban yatsa yana kasa kunne kamar likita.

Gasar rani ake yi tsakanin Jega da Aliero da Maiyama da ƙauyukan kewaye, zagaye biyu, a huta a tsakiya. Ran da Guguwa ta ci wasa, washegari iska kyauta ce a rumfar Maccido, har keken da bai nema ba sai an ƙara masa. Ran da aka ci mu, famfo ya lalace. Direbobi sun gane. Kafin mutum ya gangaro da taya sai ya tambayi mai shayi yadda aka tashi jiya.

Waliyyu kuwa a Andarai ya tsinto shi. Ya je gyaran tayar wata motar gero, ya hangi saurayi ba takalmi a filin ƙwallo yana wulaƙanta mutane da ƙafar hagu. Bai dawo ba sai da shi. Ya ba shi zaurensa, ya sama masa aikin lodi a tasha, ya kai shi Guguwa. Kullum da yamma shi ke shafa wa ƙafar man kaɗanya da hannunsa. In wani ya ce Waliyyu ya iya, sai ya ce, "Wa yag gano shi?" In mutum ya cika yabo kuma, sai ya fara harararsa.

Shekarar da nake ba ku labari, zagayen farko mu ne a sama, Aliero na bin mu. Tayoyin Jega sun sha iska har sun gaji. Hutun tsakiya ya faɗo daidai azumi. A wasan ƙarshe kafin hutu, a Maiyama, wani ƙaton mai tsaron baya ya hau ƙafar Waliyyu. Daga bakin fili muka ji ƙarar.

Ƙashi in ya tsage a ƙasarmu ba a shawara, Aliero ake nufa wurin masu ɗori. Maccido da kansa ya tare mota, ya rungume ƙafar a cinyarsa har ƙofar gidan wani dattijo, Malam Sambo. Aka ja, aka daidaita, aka jera karare aka ɗaure. Sai da aka gama Maccido ya ɗaga kai, ya ga jajayen riguna masu lamba shanye a kan igiya. Ashe ɗan Malam Sambo, Aminullahi, shi ne kyaftin ɗin Aliero.

"Ka bar mini shi nan har bayan salla," in ji Malam Sambo. "Kada shi taka, kada a ɗauke shi."

"Nan gidan?"

"To ina? Ƙashi ba ya son hanya."

Daga ranar Maccido bai sake azumi cikin natsuwa ba. La'asar na yi sai ya rufe rumfa, ya ɗaure kunu da ƙosan Naja'atu a bayan babur, ya kama hanyar Aliero. Kafin ya isa kunu ya huce, gaban Waliyyu kuma an riga an jera fura da dabino da farfesu. Naja'atu ta ce masa, "Ni ko da nike amarya ban ga wagga zirga-zirga ba."

Wata rana na bi shi, don a ce da ni aka yi. Muka tarar da 'yan wasan Aliero sun kewaye tabarmar Waliyyu, yana jera musu tsakuwa a ƙasa yana nuna yadda ake karya bugun tazara. Suna ta dariya. Ya yi ƙiba, ya yi haske, wani ma ya ɗora masa hularsa. Malam Sambo ya shigo duba ɗauri, Waliyyu ya ce, "Sannu, Baba." Maccido kuwa Kawu yake ce masa tun ranar farko.

A hanyar dawowa babur ya yi ta gudu. Can Maccido ya ce, "Ka ji abin da yac ce mishi?"

"Na ji. Ai ka samu ƙarin girma, bawana. Kai ƙanen matar Malam Sambo ne yanzu."

"Atiku, zan sauke ka cikin dajin ga."

"Ka lura kuwa har ya fara warin albasar Aliero? Wata guda ya ƙara, in ya yi gumi mutane za su yi hawaye."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni nig gano shi. Ba takalmi. Su ina suke?"

Abin da ke cin sa ke nan dare da rana: zagaye na biyu zai zo, Waliyyu zai fito cikin jar riga. Ba wanda ya ce masa haka. Shi ya ƙera abinsa, ya ba shi iska har ya cika.

Ran jajibirin salla da hantsi ya je Aliero shi kaɗai, ya auna lokacin da Malam Sambo ya fita aski. Ya ce wa Waliyyu Naja'atu ta rantse ba za ta ɗora tukunyar salla ba sai yana gida. Waliyyu ya ce Baba ya hana. Maccido ya ce, "To zauna wurin Babanka." Kunya ta sa saurayin ya hau babur da karare a ƙafa. Da titi suka bi, wataƙila da sun isa lafiya. Amma a bakin titi 'yan jar riga ke zama, Maccido kuma ba ya son su gani, sai ya yanka ta cikin gonakin albasa. A wata hanyar ruwa tayar gaba ta nutse.

A amalanken shanu manoma suka dawo da su, bisa buhunan albasa, ta tsakiyar gari, ana hada-hadar cefanen salla. Wanda bai gani ba a Aliero ranar, to ba ya gari. Malam Sambo bai yi faɗa ba. Ya kwance ɗaurin, ya duba, ya sake ja, Waliyyu na cizon hula. Sannan ya dubi Maccido ya ce, "Da saura kaɗan. Yanzu kam mun koma farko. Kawo hannunka kai ma, na ga ya kumbura."

Aka koma zagaye na biyu ba Waliyyu. Maiyama ta ci mu, Andarai ta ci mu, har Birnin Malam, garin su Maccido, suka zo gida suka yi kunnen doki da mu. Famfo ya yi doguwar jinya. Maccido bai sake taka Aliero ba, sai dai duk motar albasa da ta tsaya ya tambayi yaron mota, kamar ba da gangan ba, ko mai ƙafar nan ya fara takawa.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da Waliyyu ya zo rumfa da ƙafafunsa biyu. Ya durƙusa ya gaishe shi. Ina zaune kan taya.

"Kawu, na zaka in gaya maka da bakina. Aminullahi ya roƙe ni in buga musu wasan ƙarshe, wanda za su yi da Guguwa."

Maccido ya ci gaba da goga roba.

"Wallahi kafin ranar nan ba abin da nike so irin in dawo gida. Amma sau biyu sunka ɗaure ni, sunka ciyar da ni, ba wanda yat taɓa yi mini gori. Da wane ido zan jefa musu ƙwallo a raga?"

"Mu ka iya jefa muna?"

Waliyyu ya sunkuyar da kai. Maccido ya tsoma roba a baho ya zuba wa ruwa ido, ko kumfa ɗaya babu, amma bai fitar da ita ba har saurayin ya tafi.

A filinmu aka yi wasan, da ƙwallonmu mai faci uku. Maccido ya ce ba zai je ba, ya riga kowa zuwa. Bayan hutun rabin lokaci aka sako Waliyyu cikin jar riga. Maccido ya juya wa fili baya yana kallon mai rake. Ana dab da tashi aka ba Aliero bugun tazara. Ya waiwayo. Ƙwallo ta tashi daga ƙafar hagu, ta lanƙwasa ta bayan mutanenmu, ta shige kusurwa.

"Hagun Andarai!"

Mutum ɗaya ne ya yi tsalle a duk ɓangaren Jega, da ƙafa ɗaya da rabi. Ya sauko ya ga idanu a kansa. Ya gyara hula ya zauna.

"Bawana," na ce, "in samo maka jar riga?"

"Ba shi niy yi wa ba. Ƙwallon niy yi wa. Facina ne, ka ga ko numfashi ba ta yi ba."

Washegari direbobi suka rasa yadda za su yi, suka turo wani mai keke ya gwada. Maccido ya ba tayar baya iska kyauta, ya ce ta gaba famfo ya lalace.

Yana nan gindin dogonyaro har yanzu. Waliyyu ya zama ɗan Aliero, yana lodin albasa, in ya shigo Jega yakan tsaya ya gaida Kawu. Maccido ya amsa a daƙile, ido na kan ƙafar. Sai motar ta tashi ya juyo gare ni.

"Ka ga yadda ta bushe? Ba mai shafa mata mai can."