Baba Mai Awo da Benenmu Marar Rufi

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa samun Baba Mai Awo a gida ba. Igiyar awo a aljihu, fensir a bayan kunne. Aikinsa kiyasta darajar gidaje, kuma da abin da ya rubuta ake yanka wa kowa harajin gida. Shi ya sa ba mai murnar ganinsa. In ya shigo layi sai ka ji ana rufe ƙofofi. Ni kaina na sha ce masa mutanen gidan ba sa nan, alhali ga muryar Inna tana tashi daga tsakar gida.

Wasu abokan aikinsa daga bakin titi suke ƙirga tagogi su wuce. Shi kuwa sai ya shiga, ya ƙwanƙwasa bango, ya tambayi inda ke yoyo.

Mahaifinmu ya rasu ya bar benen da ya fara bai ƙarasa ba. Wani ma'aikaci ya hango tagogi huɗu a sama, ya rubuta cikakken bene. Haraji ya ninka uku. Inna ta yi kuka ta gaji, ta fara neman mai sayen gidan.

Ana haka Baba Mai Awo ya yi sallama.

"Malam, wanda kuka yi mana bai isa ba?" in ji Inna.

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Lissafin ne bai kwanta min ba. Ina matakalar?"

"Marigayi bai kai ga yin ta ba."

Ya ari tsani a maƙwabta ya hau, mutum mai kusan shekara sittin. Bango huɗu ya tarar, da ciyawa, da buhun simintin da ya daskare. Wajen saukowa tsanin ya karye. Yana kwance a ƙasa, ƙugu ya goce, ya ce min, "'Yata, miƙo min fensirin kar in manta. Ba rufi, ba daɓe."

Aka gyara takarda, gida ya tsira. Shi kuwa tun ranar yake ɗingishi. Asibiti ma ba mu je duba shi ba, kuma har yau abin yana ci min rai.

Makon jiya ya yi ritaya, na neme shi. Mutumin da ya auna dubban gidaje, a ɗaki biyu na haya na same shi. Tambayarsa ta farko, "An rufe benen kuwa?"

Ba a rufe ba, Baba. Amma bara Inna ta cika a ɗakinta, a kan gadonta, ba a gidan wani ba. Kai ne sila. Kai ne baƙon da muka hana ruwa, ya ba mu ƙafarsa.

Mun gode, ko da mun makara. Ku kuma masu riƙe da igiyar awo yanzu, kafin ku rubuta, ku nemi tsani ku hau.