Ƙyallen Atamfa a Jirgin Kawu

Jiya ina gyaran akwati na tsinci wani ƙyallen atamfa, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Irinsa yakan yago daga tsohon zanen matarsa, ya ɗaura a wayar ɗan jirgin ruwansa mai tagwayen kwalekwale, wanda iska ke tuƙa shi, don ya ga inda iska ta dosa.

Wata Asabar a shekarun 1980 muna cikin jirgin a kan kogin Potomac da ke Amurka, iska ta taso, gefe guda na jirgin ya ɗaga sama. Na ƙanƙame 'ya'yana ina salati. Kawu ya dubi ƙyallen, ya sassauta igiya, gefen ya koma kan ruwa a hankali.

Ya ce, "'Yata, ba a kokawa da iska, lallaɓa ta ake yi."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya kai shi gaɓa lafiya kamar yadda ya kai mu.