Zaman makoki a Ardwick

Cikin duk ranakun da na yi ina aiki a Manchester, ranar da ba na mantawa ita ce wadda muka rufe ɗakin taronmu muka tafi gidan Rifkatu a unguwar Ardwick.

A lokacin ni ce ke jagorantar zauren tattaunawa na ɗaliban digiri na biyu da na uku a wata jami'a. Kowace Laraba mukan zauna a da'ira, mu ɗauki batu ɗaya kan zaman tare da bambancin al'adu, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Dokar aikin ita ce idan ɗalibi ya zo da damuwa mai nauyi, ba mu ne za mu taɓa ta ba, sai mu tura shi ofishin masu ba da shawara. To, shekarun tsuke bakin aljihu ne, an rage ma'aikatan can, layinsu kuwa sai wanda ya gani.

Rifkatu 'yar Kaltungo ce, tana digiri na uku. Wata Laraba ta riga kowa zuwa, idonta a kumbure. Mahaifinta ya rasu, fasfonta kuma yana wajen sabunta biza, har aka binne shi ba ta je ba.

Ta ce, “Anti Hadiza, supervisor ɗina card ɗin ta'aziyya kawai ya ba ni. Ina flat ni kaɗai, ko mai ƙwanƙwasa ƙofa babu. Fasfona na dawowa zan bar uni ɗin nan in tafi gida.”

Na samu shugabar sashenmu, wata Baturiya mai bin doka sau da ƙafa, na ce ina so in kai 'yan zauren gidan yarinyar. Ta ce wannan ba aikinmu ba ne. Raina ya ɓaci. Na ce shekara guda muna surutu kan yadda baƙo zai ji shi ɗan gida ne, yau ga baƙon yana kuka, sai mu nuna masa layi? Sai ta ɗauki rigar sanyinta ta biyo mu.

A hanya na yi musu bayani cewa a wajenmu ba a barin mai rashi shi kaɗai. Za ka cire takalmi, ka ce “ya haƙuri”, ka zauna. Ba a tambayarsa yadda yake ji. Wannan ne ya fi ba su wuya, mutanen da ko ruwa ka ba su sai sun yi sharhi a kai.

Muka cika ɗakin Rifkatu, wasu a ƙasa, wasu a bakin gado. Ɗaya bayan ɗaya suka gaishe ta da karyayyiyar Hausa, tana amsawa da “haƙuri da godiya”. Sai da ɗakin ya yi tsit sannan ta kifa kanta a cinyata ta yi kuka mai yawa. Ni ma na yi, don na tuna tsakar gidanmu a Kano cike da mata ranar da muka rasa Inna. Da ta ɗago ta ce, “Anti, sai yau na yarda Baba ya rasu.”

Rifkatu ba ta bar karatun ba. Zauren ne bai tsira ba, aka soke shi, ni kuma na dawo nan Birmingham. Har gobe ina kewar yaran nan.

Ku da kuka shigo aikin kula da ɗalibai yanzu, an koya muku yadda ake sa mutane magana, kuma yana da kyau. Amma wani ɗalibin ba magana ya zo nema ba, so yake a je a zauna da shi.