Ƙwaryar Madarar da Ta Kwantar da Ni

'Yan'uwa, ina nan da raina. Na san shiruna ya yi tsawo, har wata ƙawata ta aiko tana tambaya ko aure na yi a ɓoye. Ba aure ba ne, jinya ce, kuma yau na samu ƙarfin ba ku labarinta.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ikilisiyarmu ta Bauci ce ta aiko ni nan Gure, a ƙasar Nijar, aikin yara. Da safe ina koya wa na unguwa karatu a zaurena. Ranar Laraba nakan nufi ƙauyukan wajen Kelle, in auna damtsen yara, wanda ya rame in raka uwarsa asibiti. Mutanen wurin Musulmi ne, sun san ni Kirista ce, ba su taɓa yi mini gori ba.

A can baƙo ba ya fara magana sai ya sha madara, wadda aka tatso yanzu, da ɗuminta. Wanda ya ture ƙwarya ya ture mai gida. Ni kuwa kun san ba na wasa da cikina, gida-gida nake sha, ina godiya.

Sai zazzaɓi ya soma zuwar mini da yamma. Gari ya waye in tashi garau, zanina sharkaf da gumi.

Majo, wato babban ma'aikacin jinya na unguwarmu, ya ba ni maganin zazzaɓin sauro. Ya lafa, ya dawo. Bayana ya riƙe, gwiwoyina suka ƙi ni. Ranar da na sunkuya in ɗauki yarinya na kasa miƙewa, Majo ya ce, "Madam, wannan ba palu ba ne, ba na sauro ba ne. Tafi Damagaram a yi miki analiz, a gwada jininki."

Na ji tsoro, ba zan yi muku ƙarya ba. A cikin mota addu'ata ɗaya ce: Ubangiji, kai ka kawo ni ƙasar nan, ba ka kawo ni don ka bar ni a hanya ba.

A asibitin Damagaram aka kwantar da ni. Ƙarin ruwa, ɗibar jini, jira, a sake ɗiba. Abin da na tara don zuwa gida Kirsimeti ya tafi a gwaji da magani.

Wata likita ce ta ja kujera ta tambaye ni abin da nake ci a ƙauye. Da na ambaci madara, ta ajiye biro.

"Ana tafasawa?"

Na ce a'a.

Gwaji ya nuna ciwo ne da ake ɗauka daga dabbobi ta ɗanyar madara. Ta ce, "Za ki warke, amma maganin dogo ne. In kika koma wa ɗanya, shi ma zai komo miki."

Mama ta kira tana kuka. "Saratu, ki dawo gida. Allah yana Bauci ma." Dattawan ikilisiya suka ce in na sake kwantawa, gida za su mayar da ni.

Aka sallame ni na komo Gure, na yi makonni ina shan allura da ƙwayoyi. Na rame, siket yana zamewa. Maƙwabtana suna aiko kunu, yaran zaure suna leƙowa ta taga su ga ko malamarsu ta mutu.

Da na miƙe, abu ɗaya ya tsaya mini a rai. In na ƙi ƙwarya, za a rufe mini ƙofa, yaran da nake aunawa su tafi ke nan. In na sha na sake kwantawa, sai Bauci.

Na fara da gidan Iya Falmata, tsohuwar da in ta ce a ba ni yaro, ana ba ni. Ta riƙe hannuna tana dubana. "'Yata, ciwo ya cinye ki." Ta miƙo ƙwarya, kumfa na sama.

Na karɓa hannu biyu, na ajiye a gabana. Na ce, "Iya, ba zan iya sha ba." Na gaya mata duk abin da likita ta ce, ban rage komai ba.

Fuskarta ta canza. "Madararmu ce ta yi miki haka?"

"Ba laifinku ba ne, Iya. Ciwo ne a jikin wasu dabbobin, ido ba ya ganinsa."

"Tun ina goye nake shanta."

Ta ɗauke ƙwaryarta ta shige ciki. Matan da suka taru da yara suka soma kallon juna. Na ci gaba da zama a tabarma, ban yi nadamar faɗin gaskiya ba.

Can sai na ji ƙamshin hayaki.

Ta fito da tukunya, madara na tururi. Ta zuba mini, ta kira jikokinta ta zuba musu. Ta juya ga matan ta ce, "In ta kayar da ƙatuwa irin wannan, waɗannan 'yan mitsi-mitsi fa?" Sannan ta harare ni. "Ba ta kai ɗanya daɗi ba. Sha haka nan."

Na sha ina hawaye. Ranar har la'asar ina auna yara.

Na gode wa Ubangiji Yesu da ya tashe ni. Na gode wa likitar da ta yi tambaya, da Majo, da maƙwabtana, da ku da kuka yi ta addu'a kuna aiko taimako. Mama, ki kwantar da hankalinki, na koma bakin aiki kuma ina cin tuwo kamar da.

Shawarata: zazzaɓin da yake tafiya yana dawowa, kada ku yi ta sayen magani a kanti, ku je a gwada jini. Ku gaya wa likita abin da kuke ci da sha. Ku shanye magani ko kun ji sauƙi. Ku tafasa madara, musamman ta yara.

Ba duka gidaje suka yarda ba tukuna. Amma ranar Laraba, in na doso gidan Iya, tukunya tana kan wuta kafin in yi sallama.