Baba da Garar Abuja

Shekarar da gwamnati ta sayar mana da gidajen da muke zaune a ciki, a shekarar ce idon mahaifina ya rufe. Yanar ido ce ta hau idanun biyu, har ya zama sai ka yi magana kafin ya san kai ne. Na je ƙauyenmu can ƙasar Katsina na ɗauko shi, da roƙo da magiya, sai da na haɗa shi da liman kafin ya shiga mota. Likita a Abuja ya duba ya ce aikin ba mai wuya ba ne, amma ba zai taɓa idon ba sai sugan da ke jikinsa ya sauka. Dole ya zauna kusa, ana gwada jini, ana kula da abin da yake ci. In kuwa ya koma gida ya ci gaba da shan furarsa da sukari cokali-cokali, to mu haƙura da ido.

Zama kuwa shi ne abin da Baba bai iya ba. Mutumin da asuba ke yi masa a gona, ga shi an ajiye shi a falo gaban talabijin ɗin da ba ya gani. Kullum na dawo daga ma'aikata zan tarar da shi ya ja tabarma zuwa ƙofar baya, ya jingina da bango, yana sauraron tifofi suna wucewa da yashi. Lokacin Abuja na tashe, ko'ina gini ake yi, duk wanda ya samu gida ya shiga gyara. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Matata ta sa kafinta ya yi mata kabad farare tas a kicin, abin da ta daɗe tana buri, don a gidan gwamnati ko ƙusa ba ka isa ka kafa ba. Ni kuma na shiga kasuwar Wuse na sayo injin huda mai batir, wanda ba ya buƙatar a jona shi da waya. Na rataye hoto guda da shi, na mayar da shi akwatinsa.

Muna cikin haka hadarin farko ya taso. Ka san Abuja, ruwa na sauka tun mutanen Arewa ba su fara tunanin iri ba. Baba ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, ya tashi ya lalubi jakarsa.

“Gobe ka kai ni tasha,” in ji shi.

“Tasha kuma, Baba? Likita fa?”

“Ban yi yaɓe ba. Ban share indararo ba. Ruwa ya sauka a kan soron nan haka, azara za ta ruɓe.”

Duk shekara kafin damina shi yake hawa soronsa da kansa, ya kwaɓa ƙasa ya liƙe duk inda ya tsage, bai taɓa yarda wani ya yi masa ba. Na ce masa wannan hadarin Abuja ne, can gida da sauran lokaci. Ya ce sama ai guda ce. Na buga wa ƙanena da ke ƙauye da sabuwar wayar salula, ya rantse masa ko gajimare babu, rana ce kawai ke dukan su. Baba ya ce wannan malalacin ko ruwa na zuba a kansa haka zai faɗa, don kada a sa shi aiki. Raina ya ɓaci, wallahi har muryata ta ɗaga, abin da ban saba yi a gabansa ba. Na ce, “Ido fa, Baba! Ido za ka bayar saboda ɗakin ƙasa?” Ya ci gaba da naɗe rigunansa.

Da safe ya fito da jaka ya zauna a ƙofar baya yana jira in fito da mota. Ni kuma ina ta jan ƙafa, na rasa dabara. Da zai miƙe sai ya dafa katakon ƙofar, na ga ya tsaya. Ya bi wani siririn ginin jar ƙasa da yatsa tun daga ƙasa har sama, ya murmushe shi, ya kai hanci.

“Kai! Gara ce a gidanka?”

“Haka nake gani, Baba.”

“Haka kake gani? Subhanallahi. Kana da ido biyu gara na cin gidanka kana kallo?”

Matata na tsaye a bakin kicin, ta fara cewa, “Ai akwai masu feshi, Baba, yanzu a kira su su...” Na juya na yi mata wani kallo, ta haɗiye sauran. Don na ga abin da ba ta gani ba: Baba ya ajiye jakar a ƙasa.

“Feshin me?” ya ce. “Gara sai an tono uwarta. Ka samo mini diga, da toka, da baƙin mai. Ba na tafiya in bar gidan ɗana a bakin gara.”

To ni na san inda uwar garar take, kuma ba a gidana take ba. Bayan katangarmu akwai wani fili na wani babban mutum da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, ya kewaye ya bari ciyawa ta cinye. A tsakiyarsa ga suri nan jajawur, ya fi ni tsawo. Daga can suke biyo ƙarƙashin katanga su shigo mana. Na sani sarai, na ja bakina na yi shiru, na tafi Apo wurin makanikai na cika jarka da baƙin mai. Toka ce ta ba mu wahala, don mu da gas muke girki. Sai matata ta riƙa bin mai ƙosan bakin titi tana kwaso ta a leda.

Baba ya kama aiki. Yakan bi tsakar gida da sanda yana bubbuga ƙasa, duk inda ya ji taushi ya ce nan ne, ya sa diga. Ya tona gindin mangwaro, ya tona inda na shuka ciyawar ado, ya tona bakin famfo. In ya ci karo da ’yan gara ya yi murna ya ce an kusa. Injin hudar nan kuwa, da farko ƙin taɓa shi ya yi, wai abin da ke kuka ba waya ba mai, shi bai yarda da shi ba. Na ɗora hannunsa a kai, na dafa nawa, muka huda katakon ƙofa don ya ɗura baƙin mai a ciki. Ya yi dariya irin wadda rabona da ji tun rasuwar mahaifiyarmu. Daga ranar injin ya zama nasa. Kafin in fita aiki sai ya tambaye ni, “Ka ba shi abincinsa?” wato ko na yi cajin batir. Ina ofis yana bin duk wani katako na gidan da lalube yana hudawa, yana ɗura mai, yana barbaɗa toka.

Gara ko a jikinta. Ci take yi kamar an aiko ta.

Wata rana da la'asar ina shigowa na ji ƙarar faranti sun zube. Matata ta fito ta ce, “Oga, zo ka gani.” In ta ce mini Oga, na san babu lafiya. Kantar kabad ɗin sama ce ta karye, tangaran ɗinta duk sun tarwatse. Ta sa yatsa ta danna ƙofar kabad ɗin, yatsan ya shige. Fenti ne kawai ya rage a tsaye. Ga ramukan Baba jere a jiki, baƙin mai ya zubo ya yi layi-layi a kan farin.

“Shekara nawa ina jiran kicin nawa na kaina?” ta ce. “Ka kira masu feshin nan, don girman Allah.”

“In suka zo yau, gobe yana tasha.”

“To sai gidan ya faɗo mana a ka?”

Ni da saurin fushi, na ce, “Zaɓi mana, katako ko idon ubana?”

Ta dube ni ta ce, “Kada ka ƙara faɗa mini haka. Wa ke dafa masa acca kullum? Wa ke ɓoye sukari? Kai ka san ciwonsa ni ban sani ba?” Ta durƙusa tana tsince fasassun, ta ƙi yarda in taya ta. Tausayinta ya cika ni, don ta fi ni gaskiya kuma ita ce ke asara.

Ba ta sake maganar feshi ba. Ta kwashe sauran kayanta ta zuba a manyan robobi ta kai ɗaki. Kuma tun daga ranar, duk safiya in ta durƙusa gaishe shi, Baba zai tambayi labarin garar, “’Yar nan, yaya mutanen namu?” Ita kuma ta ce, “Sun ragu, Baba, aiki na ci.” Ya gyaɗa kai ya ɗauki digarsa. Ruwa ya yi ta sauka, bai ƙara zancen tasha ba, shi dai sai ya ga bayan uwar gara. Tsakanin accar da haƙan ramin, suga ya yi ta sauka, har ran da likita ya duba takarda ya ce a shirya.

Idon dama aka fara yi. Ran da aka cire bandeji, ya daɗe yana ƙifta ido, sannan ya dube ni ya ce, “Ashe ka yi furfura.” Likita ya ja mana kunne: kada ya murza, kada ruwa ya shiga, kada ya yi aikin ƙarfi. A mota gine-gine kawai yake kallo.

Muna isa gida ko zama bai yi ba, ya wuce tsakar gida don ya ga aikinsa. Na bi shi. Tsakar gidan ta zama ramuka, duk sun cika da ruwan sama, saiwar mangwaro a waje, ciyawa babu ko ɗaya. Ya taka tudun ƙasar da ya tara da hannunsa a jikin katanga, ya ɗaga kai, sai ga surin can a filin maƙwabci, tsaye a fili, ko mai ido ɗaya ba zai rasa shi ba. Ya kalle shi, ya juyo ya kalle ni. Na sunkuyar da kai.

Ya sauko a hankali ya nufi kicin, wurin da bai taɓa shiga ba in matata na ciki. Ta yi sauri ta durƙusa. Ya bi kabad ɗin da kallo ɗaya bayan ɗaya, ƙofofin da suka zube, ramukan da ya huda a karkace, baƙin man da ya ɓata farin. Ya dafa guda, ta ruguje a hannunsa.

“’Yar nan,” ya ce, “kullum kina ce mini sun ragu.”

“Eh, Baba.”

“Kuma kina ganin wannan?”

“Ina gani, Baba.”

Sai ya zauna a ƙasan kicin ɗin, a kan toka da garin katako, da farar rigarsa ta zuwa asibiti. Hawaye ya fara zubowa daga idon da aka yi wa aiki. Matata ta ruɗe, ita ma tana kuka tana cewa, “Don Allah, Baba, ka daina, idon sabo ne, kada ya lalace.”

Ya ce, “Bar shi ya yi, ’yar nan. Ya ga abin kuka.”

Na durƙusa kusa da shi na riƙe masa hannu don kada ya murza.